Neman Gabas a Tsakiyar Teku

Na sha kunya a rayuwata ba sau ɗaya ba, wasu na manta da su, wasu kuma na yi kamar na manta. Amma ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ja Baba sallah a bayan jirgin ruwa ba. Ko na so in manta ma ba zai yiwu ba, don akwai mutanen da suka ɗora wa kansu aikin tuna mini duk inda muka haɗu.

Bari in fara da gidanmu, don a gane inda abin ya samo asali. Mu 'yan Zangon Kwatano ne, a nan aka haifi Baba, a nan aka haifi mahaifinsa. Sana'ar gidan kuwa mota ce, manyan motocin kaya waɗanda muke kira kamiyo. Baba ya yi tuƙi tun yana saurayi, ya ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ya kai Paraku, ya kai Malanbil, wani lokaci har Yamai. Da aka koma mulkin zaɓe kasuwa ta buɗe, sai ya sayi tasa motar, daga baya ya ƙara wata, ya zauna a gareji yana tura direbobi. Teku kuwa tana nan a bayan gari, iskarta tana cinye mana kwanon rufi da ƙarfen taga, amma babu wanda ya taɓa sa ƙafa a cikinta daga gidanmu. A wurin Baba, teku wurin da kaya ke fitowa ne kawai, ba shi da wata hulɗa da ita bayan wannan.

Sai ga ni, ɗan da aka sa a lakwal, wato makarantar boko, don ya zo ya riƙe ofishin gareji, na je na samo aiki a wani kamfani mai kai wa manyan jirage abinci da ruwan sha. Jiragen nan sukan tsaya can nesa da gari suna jiran a ba su wurin shiga tasha, mu kuma mu bi su da ƙaramin jirginmu mai inji mu kai musu kayansu. Na gaya wa kowa cewa warin gas ɗin gareji ne ya ishe ni (wanda ya taɓa zama kusa da injin jirgi ya san irin wautar da ke cikin wannan magana). Aikina bai wuce ɗaura igiya da lodin kwalaye da miƙa kaya ba, amma a unguwa tafiyata ta canza, har wata hula mai baki na saya.

Baba bai so aikin nan ba. Na ɗauka tsoron nutsewa zai kawo, na ma shirya amsa a kan rigar iyo da ƙwarewar direban jirgi. Ashe ba can hankalinsa yake ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Direba ko a daji motarsa ta mutu, zai ga masallacin ƙauye, ko ya ga mutum ya tambaya. Kai a tsakiyar ruwa wa za ka tambaya gabas? Kifi?"

Ya ce ya ga yaran Musulmi da suka shiga aikin por, wato tashar jiragen, suka fara da haɗa azahar da la'asar, suka ƙare da haɗa Juma'a da Juma'a. Bai hana ni ba, amma ya ce ba zai sa wa aikin albarka ba sai ya tabbata sallata ba ta salwanta a ruwa. In kuwa ya ga akasin haka, kujerata tana nan a gareji, kuma ba shawara yake ba ni ba. Daga ranar ya rage wasa da ni. In na gaishe shi da safe ya amsa, amma a taƙaice, irin amsar da ake yi wa ɗan haya. Abin nan ya dame ni ƙwarai, don ni mutum ne da ya saba cin abinci kwano ɗaya da mahaifinsa.

Ni kuwa ina da makamin da na dogara da shi. A jirginmu akwai wata na'urar taswira manne a gaban sitiyari, allonta bai fi faɗin faranti ba, ma'aikata jepeyes suke ce mata. Tana zana maka ruwa shuɗi, ƙasa ruwan ɗorawa, da ƙananan lambobi masu nuna zurfin ruwa. Jirginka ɗan hoto ne a tsakiya, yana jan wani jan layi a bayansa, wato hanyar da ka biyo. Sauran jiragen kuma kowanne yakan fito a matsayin 'yar alama mai kusurwa uku, in ka taɓa ta sai sunan jirgin ya bayyana, da tsawonsa, da saurinsa, da tashar da ya nufa. Ranar da na fara ganin haka na ji kamar an buɗe mini littafin gaibu. Direban jirginmu, Kapiten Sosu, mutumin Sèmè-Kpodji, ba Musulmi ba ne, dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma bai hana ni leƙa allon ba muddin ban taɓa masa maɓallai ba.

Da wannan allon nake neman alƙibla, kuma ga yadda na yi lissafina. A lakwal an koya mana cewa saman taswira arewa ne, damanta gabas. Mu kuma a Kwatano alƙiblarmu gabas ce a ɗan karkata arewa. Duk lokacin da muka tsaya na leƙa, sai in ga hancin jirginmu yana kallon saman allo. Ke nan jirgi yana kallon arewa. Ke nan in na juya dama, na ɗan karkato wajen hancin jirgi, na sami alƙibla. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda aka yi jirgi yake kallon arewa kullum ba. In ma tunanin ya gifta, sai in ce ai ƙwarewar Kapiten ce, har ina yaba masa a raina. Akwai wani tsohon kamfas mai allurar nuna arewa a gefe yana lilo a cikin ƙoƙon gilashi, amma ni na ɗauke shi kayan tarihi ne, na mutanen da ba su waye ba.

Abubuwa kuma suka taru suka rufa wa wautata asiri. Da damina na fara aikin, sama kullum a lulluɓe. Galibi azahar ce take samun mu a ruwa, lokacin da rana take tsakiyar ka, ga rumfar tamfol a bayan jirgi inda nake shimfiɗa dardumata. La'asar kuwa a gari nake yin ta. Ba na zuwa gaban allon sai an tsaya, lokacin da Kapiten ya riga ya matso da hoton har bakin teku ya fita daga ciki, ba abin da ya rage sai shuɗi da alamomin jirage. Haka na yi watanni hankalina kwance.

A gida kuwa na ishi kowa da labarin na'ura. Na ce ta fi liman sanin gabas (Allah ya yafe mini). Na faɗa a gaban Baba, na sake faɗa, har wata rana ya ajiye kofin shayinsa ya ce to, zai je ya gani da idonsa. Ban zaci haka ba. Mutumin da ko gada ba ya son ya leƙa ƙasanta, shi ne zai shiga teku saboda ni. Na roƙi Kapiten, ya nemi izinin patoron, wato mai kamfanin, aka zaɓi ranar da kaya ba su da yawa.

Baba bai zo shi kaɗai ba, ya taho da Sale don ya riƙa kama shi wajen hawa da sauka. Sale ɗan kawuna ne, taubashina, ya girme ni da kaɗan, shi ke kula da motoci a gareji. Tsakaninmu akwai wasa na gado, yana da lasisin ya faɗa mini abin da ya ga dama ba wanda zai ce masa don me. Bakinsa kuwa, in labari ya shiga da safe, kafin azahar ya kai har unguwar Agontinkon. Da na hango shi a bayan Baba ban so ba, amma na ce yau ranata ce, shi ma ya zo ya ga aiki.

Baba ya sha babbar riga fara kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muka ɗora masa rigar iyo mai ruwan lemo a kanta, ya fito kamar an naɗe kyauta. Da muka bar bakin tasha igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa, ya kama ƙarfe da hannu biyu, leɓɓansa na motsi. Sale kuwa, gwanin baki, tun kafin gari ya ɓace mana ya rungume bokiti yana amai. Na ji daɗin wannan ba kaɗan ba, kuma na tabbatar ya san na ji daɗin.

Can da jikin Baba ya saba, na jawo shi gaban allo. A lokacin mun shiga tsakiyar manyan jiragen, suna tsaye kamar unguwa a kan ruwa. Na nuna masa alama ɗaya, Kapiten ya taɓa ta, sunan jirgin ya fito. Na karanta masa, na ce ya duba hagunsa. Ya waiga, ga jirgin nan da sunan a rubuce a jikinsa, harafi ɗaya ya fi mutum tsawo. Baba ya dubi allo, ya dubi jirgi, ya sake duban allo. Sai ya ce a taɓa masa wancan ma, da wancan. Wani na shinkafa ne, wani mai dogon jiki kamar bene na tsofaffin motocin Turai ne, irin waɗanda ya yi shekaru yana ganin ana korawa arewa. Sannan ya ce duk tsawon rayuwarsa yana ɗaukar kayan jiragen nan a bayan mota, bai taɓa ganin fuskarsu ta wannan gefen ba. Ya sa yatsa yana bin jan layin da muka bari a baya, yana murmushi kamar yaro. Rabon da in ga wannan murmushin tun kafin in fara aikin, kuma na ji daɗin da ban iya ɓoyewa ba.

Da a nan aka tsaya, da na dawo gida gwarzo. Sai jirgin da muka kawo wa kaya ya yi magana ta rediyo cewa mu jira, suna wani aiki a gefen da za mu matsa. Kapiten ya ja baya ya jefa anga, muka zauna jira. Azahar mun riga mun yi ta a tasha kafin mu taso, amma jiran ya yi tsawo har Baba ya duba agogonsa ya ce la'asar ta yi. Sama a rufe take ruf da gajimare, gari ya ɓace a cikin hazon ruwa, ko ta ina ka duba toka-toka ne. Na ce a raina, madalla, ga jarrabawar da nake jira.

Baba ya ce da ruwan teku zai yi alwala, ya ji malamai sun ce ya halatta amma bai taɓa gwadawa ba. Na ɗebo masa a bokiti (ba na Sale ba). Da ya zo kurkure baki ya tofar da sauri yana dariya, ya ce lallai Allah bai yi rowar gishiri ba. Ni kuma na taka zuwa gaban allo da tafiyar ƙasaita, na duba, na ɗan ɓata fuska irin ta masu nazari, ko da yake na san abin da zan gani. Hancin jirgi yana kallon sama kamar kullum. Na dawo na miƙa hannu dama, na ɗan karkata, na ce, "Nan ne, Baba."

Na shimfiɗa masa dardumata, na buɗe wa kaina da Sale kwali, na koma baya don ya shige gaba. Sai ya girgiza kai.

"Nan gidanka ne," ya ce. "Mai gida ke jan sallah."

Ban taɓa jan Baba sallah ba a rayuwata. Na taka na shige gaba. Sale ya lallaɓo ya tada iƙama da muryar marar lafiya, na gyara tsayuwa, na ware ƙafafu saboda lilon jirgi, na kabbara. Kapiten ya rage ƙarar rediyo kamar yadda ya saba yi mini.

Raka'ar farko ta tafi lafiya. A ta biyu, ina ɗagowa daga ruku'u, sai gajimare ya tsage. Rana ta fito, ba ta gefe ba, ba ta baya ba, a tsakiyar fuskata. Ta shimfiɗa wata farar hanya a kan ruwa tun daga can nesa har zuwa gaban kwalina. Sai da na runtse ido.

Zan faɗi gaskiya, tunanin farko da ya zo mini ba wai na yi kuskure ba ne. Na ce a raina, ranar la'asar a gabas? Sai na tuna wa'azin da ake yi mana a kan alamomin tashin duniya. Wallahi na ɗan lokaci na fi yarda cewa duniya ce ta zo ƙarshe a kan in yarda allon nan ya ba ni kunya. Daga baya hankali ya dawo, kuma da ya dawo na gwammace da bai dawo ba. Yamma muke kallo. Na sa mahaifina, Alhajin da ya ga Ka'aba da idonsa, ya ba ta baya.

A bayana na ji Baba ya ce, a hankali, "Subhanallah."

Duk wanda ya taɓa bin liman ya san ma'anar wannan. Amma ni da na riga na rikice, sai na yi kamar ban gane ba, na sunkuya zan tafi sujada, wai ko in na ɗago gajimare ya rufa mini asiri. Baba ya sake cewa "Subhanallah," wannan karon da ɗan nauyi. Sai na ji wani sauti daga wajen Sale, kamar tayar da aka soka wa ƙusa. Mutumin da tun da muka baro tasha yake fama da ransa, dariya ta warkar da shi nan take. Na ji Baba ya yi sallama, sannan na ji hannunsa a kafaɗata. Na yanke sallar, na tsaya kaina a ƙasa, na rasa inda zan sa idona.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni tun yaushe nake kallon nan, na ce tun da na fara aiki. Ya tambaya ko kullum yamma ce, na ce ban sani ba. Wannan ita ce gaskiya, kuma ta fi komai ciwo. Sai ya kira Kapiten ya roƙe shi ya bayyana mana abin da ya faru.

Kapiten ya saurari lissafina har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya iya Hausar kasuwa, a unguwar Gbégamey ya koya wajen mahaifiyarsa mai sayar da busasshen kifi. Ya ce allon nan iri biyu ake saita shi. Ana iya sa arewa a sama kamar taswirar lakwal, ana kuma iya sa gaban jirgi a sama, yadda abin da ke damanka a ruwa zai zama a dama a allo. Shi na biyun yake so, ya fi masa sauƙin tuƙi a tsakanin jirage. Ya danna maɓalli, sai teku gaba ɗaya ta juya a allon da jiragenta, hancin jirginmu ya koma yana kallon ƙasa ta hagu, kudu maso yamma, inda iska ta juya shi. Ya nuna mini wata 'yar kibiya a kusurwa mai harafi ɗaya a kanta, ya ce ita ce ke nuna arewa ko yaya aka saita. Na sha ganin ta, na ɗauka tambarin masu ƙera na'urar ne.

Baba ya tambaye shi, cikin ladabi, me ya sa bai taɓa gyara mini ba.

"Alhaji, ni na gani kullum yana duba dama," in ji Kapiten. "Na ce ko haka addini ya ce a cikin jirgi. Ba na shiga abin Allah na mutum."

Sale ya kwanta a kan kwalayen kaya yana riƙe ciki. Ya ce ke nan in jirgi ya juya Legas na yi sallah ina kallon teku, in ya juya Lome na kalli Paraku, babu kusurwar duniya da ban ba haƙƙinta ba. Ya ce irin wannan adalci sai manyan malamai.

Aka juya darduma da kwalaye, rana ta koma bayanmu. Na lallaɓa na koma sahun baya na tsaya kusa da Sale, don a ganina limancina ya ƙare har abada. Baba ya dube ni, ya ce wa nake jira. Na ce ya shige gaba. Sai ya kama kafaɗuna da hannu biyu, ya tura ni gaba, ya juya ni kaɗan hagu, ya ɗan dawo da ni dama, kamar yadda yake yi mini ina ƙarami a masallacin unguwa.

"Kai ka ɓatar da mu," ya ce, "kai za ka dawo da mu."

Na ja sallar. Ban taɓa yin sallar da na ji nauyinta kamar wannan ba.

Bayan mun miƙa kaya mun juyo gida, na koma can bayan jirgi na zauna ni kaɗai, na naɗe dardumata na rungume. Na san hukuncin da ke jira na, kuma ban ga laifin kowa ba. Mutumin ya ce ba zan san gabas a ruwa ba, na yi ta cika baki, ga shi na tabbatar masa da maganarsa a gaban shaidu. Na fara kallon jiragen da muke wucewa kamar mai ban kwana. Sai ga Baba yana tahowa yana dafa ƙarfe, babbar rigarsa ta jiƙe har gwiwa, ya zauna kusa da ni. Na ga gara in riga shi, sai na ce, "Baba, gobe zan zo gareji."

Ya miƙo hannu ya karɓi dardumar, ya warware ta a kan cinyarsa. Ta yi tauri da gishiri, tana warin gas, wurin gwiwoyi ya koɗe har zanen ya ɓace. Ya shafa wurin da tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Na sa goshina a kan wannan ɗazu," ya ce. "Dardumar da aka ajiye don baƙo ya gani ba ta zama haka. Kuma na ga mutumin nan ya rage rediyonsa ba wanda ya ce masa."

Sai ya ci gaba da cewa:

"Abin da na ji tsoro shi ne in zo in tarar ka daina. Na tarar kana yi, kai ne dai ba ka da kai." Ya naɗe ta ya mayar mini. "Babana, ka zauna a aikinka. Allah ya yi maka albarka a cikinsa."

Sunan mahaifinsa gare ni, shi ya sa yake kira na Babana, kuma tun ranar da na fara aikin nan bai kira ni da shi ba. Na juya fuska wajen ruwa, na bar feshin teku ya ɗauki laifin abin da ke zubo mini. Shi ma bai dube ni ba, ya ba ni lokaci. Can ya ƙara da cewa sharaɗi biyu ne. In roƙi Kapiten ya koya mini kamfas ɗin da na raina, da duk maɓallan allon nan ɗaya bayan ɗaya. Sannan in je da ƙafata wurin limamin unguwa in tambaye shi hukuncin sallolin da suka wuce, kada in aiki kowa.

Na biyun ya fi wuya, don kafin in isa wurin liman labari ya riga ni. Sale bai ko tsaya canza riga ba. Da na zauna na fara kame-kame, liman ya ce in huta, ya riga ya ji, har da ƙarin da ban san da shi ba (a ruwayar Sale, wai sai da na yi gardama da rana). Ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, akwai sauƙi a kansa. Sai dai ya tambaye ni ko na yi iya ƙoƙarin nawa, ko kuwa jin kai ne ya hana ni tambayar mutumin da ke zaune kusa da allon kullum. Na dai koma gida na fara ramuwa.

Har yau ina aikin ruwa, yanzu ma ni ke riƙe sitiyari. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai sake shiga teku ba bayan wannan rana, amma har ƙarshen rayuwarsa in na dawo yakan tambaye ni jirage nawa ke jira a waje da abin da suka ɗauko. A Zango kuwa sunana ya zama Limamin Yamma. Yaran da ba a haifa ba lokacin ma haka suke kira na, ba su san dalili ba, kuma ina amsawa.

Abin da na koya bai da yawa. In na'ura tana ba ka amsa iri ɗaya kullum, kuma amsar ta yi maka daɗi, ka tashi ka tambayi wanda ya riga ka zama a gabanta. In kuma za ka yi wa mahaifinka burga, ka yi, shi zai iya ganin wautarka ya sa maka albarka a kanta. Amma ka tabbata taubashinka yana gida.